Wane katin girafik zai dace da tsohuwar OptiPlex ɗina?

Tambayar daga wani ƙanenmu ne a Nima, cikin birnin Accra. Yana da Dell OptiPlex 9020, 'yar siririyar nan ta ofis da ake kira SFF, ta hannu, irin waɗanda ke sauka tashar Tema cikin kwantena. Furosesarta i5-4570, RAM giga 8, tsohon had-disk mai juyawa, ga monita mai wayar VGA. Abu biyu yake so: da rana ya haɗa bidiyon suna da na aure da yake ɗaukar wa mutane, da daddare ya buga ƙwallo da GTA V. Ya je Circle, inda ake kasuwar kayan kwamfuta, an nuna masa katin girafik uku, wato abin da ke zana hoto a allon kwamfuta: GT 730 mai giga 4, RX 580 mai giga 8, da wani GTX 1050 Ti sabo fil a kwali wanda arhar kuɗinsa ta ba shi mamaki. Ya ce wanne zai ɗauka.

Ƙanena, ka yi haƙuri, cikin ukun nan babu naka. Ka tafi kasuwa neman kati, alhali masu zaɓar maka katin ka baro su a gida kan tebur, wato akwatin kwamfutar da abin da ke ba ta wuta. Na daɗe ina wannan aiki, kuma akasarin katunan da ake dawo mini da su rai a ɓace lafiyarsu ƙalau, gidan da aka kai su ne bai ɗauke su ba.

Ka zare wayar wuta, ka buɗe murfin gefe, ka karanta takardar da ke manne jikin fawa saflai (mu a shago fawa kawai muke cewa, mahauta su yi mana afuwa). A 9020 SFF za ka ga wat 255. Sai ka bi wayoyin da suka fito daga cikinta. Za ka tarar da wata mai baki takwas, amma ta bod ce, wato babban allon da komai ke haɗe a jikinsa, kada ka yi mata kallon ta kati. Wayar katin girafik, mai baki shida da ke ƙara wat 75 ko mai baki takwas da ke ƙara 150, babu ita a wannan fawar. Ke nan duk katin da za ka sa, daga ramin PCIe na jikin bod kaɗai zai sha wuta, shi kuwa ramin iyakarsa wat 75. Ka riƙe wannan lambar, ita za ta raba ka da yawancin abin da za a nuna maka a kasuwa.

To RX 580 wat 185 yake ci. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ko ba maganar wuta, tsayinsa da faɗinsa ba za su bari murfin ya rufu ba. Na san abin da mai shagon zai ce maka, cewa akwai 'yar wayar da ke karɓar wuta daga bakin SATA ta mayar da ita baki shida, matsala ta ƙare. Bakin SATA an yi shi ne don had-disk, abin da zai iya ɗauka bai wuce wat hamsin da 'yan kai ba. Wani mai ɗakin wasan yara a Mamobi ya taɓa kawo mini kwamfutarsa da irin wannan dabarar da wani ya yi masa. Robar bakin ta narke ta manne, wayar ta yi baƙi ƙirin, Allah ne ya kiyaye yaran suka ji ƙauri da wuri. Tun daga ranar ko a kyauta ba na barin wannan wayar ta kwana a shagona.

Ba ina zagin RX 580 ba ne. Kati ne mai kyau tun fitowarsa a 2017, har yanzu a babban akwati mai lafiyayyar fawa yana biyan kuɗin sabulu. Amma ka san dalilin arharsa. Shi da ƙaninsa RX 570 su ne jakunan masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum, sun yi shekaru suna aiki dare da rana ba hutu. Da Ethereum ta daina amfani da haƙa a watan Satumba na 2022, sai aka kwaso su aka zuba a kasuwannin duniya, muna cikin waɗanda suka samu rabonsu. Wasu an wanke su an sa musu sabuwar riga da sabon kwali. Akwai kuma wanda ake rubuta wa RX 580 2048SP, wanda asali don kasuwar Sin aka yi shi, a aiki kuwa RX 570 ne da sunan yayansa. Sannan ga mita. Tsakanin kati mai wat 185 da mai 75 akwai wat 110. In kana wasa awa biyar kullum, yunit goma sha shida da ɗoriya ke nan a wata, kuma a gidan haya mai mita ɗaya ka san wanda za a fara harara idan kiredit ya ƙare.

Na GT 730 ya fi ba ni haushi, don giga 4 ɗin nan da aka rubuta da manyan haruffa ya ci kuɗin samari da yawa. Ka ɗauki giga a matsayin tankin ruwa. Tanki ya yi girma yadda yake so, in bututun da ke fitowa daga cikinsa siriri ne, galan ɗinka zai daɗe bai cika ba, masu layi kuma su yi ta tsaki. GT 730 kala uku aka yi da suna ɗaya. Mai giga 4 da ya fi yawa a kasuwa yakan zo da ma'adana nau'in DDR3 mai jan ƙafa, wani lokacin ma da tsohon guntu na zamanin Fermi. Furosesarka tana da nata girafik a ciki, Intel HD 4600, kuma bambancinsu da wannan katin bai kai kuɗin motar turoturo da za ka biya zuwa Circle ba. Ɗan juma ne da ɗan jummai. GT 710 ma kada ka saurari zancensa, amfaninsa kawai ƙara monita ta biyu a ofis. Irin wannan tarkon yana nan a GT 1030: na asali da ya fito a 2017 yana da GDDR5, daga baya aka fito da mai DDR4 da suna iri ɗaya, bututunsa kusan kashi ɗaya cikin uku na na farkon. Kafin ka tambayi giga nawa, ka tambayi wace irin ma'adana ce.

Sai na ukun, sabo a kwali. Ban riƙe shi a hannu ba, amma zan faɗa maka inda za ka duba. Juya shi ka kalli bakunan baya. In ka ga shuɗin bakin VGA, ajiye musu kayansu. Katunan Nvidia na jerin GTX 10 sun daina fitar da siginar analog, don haka GTX 1050 Ti na gaskiya da HDMI da DisplayPort da DVI-D yake zuwa. Abin da 'yan damfara ke yi shi ne su ɗauko GTS 450 na 2010, su sauya rubutun da ke cikin BIOS ɗinsa, sai Windows ta riƙa kiransa 1050 Ti. Za ka ga sunan a allo ka yi murna, ka buɗe wasa ya rufe kansa kamar an kore shi. Akwai 'yar manhaja kyauta, GPU-Z, ka sa ta a filas ka tafi da ita. Na gaskiya zai nuna maka 768 a wajen Shaders, GTS 450 kuwa 192, kuma sau da yawa manhajar da kanta takan rubuta FAKE gaban sunan. GTX 1050 Ti tun Oktoban 2016 ya fito. Wanda ya ce yana da shi sabo kuma a rabin kuɗin na hannu, ka tambayi kanka ina ya samo.

Yanzu mu zo kan abin da zai shiga. Akwatinka na buƙatar kati gajere, wanda 'yan kasuwa ke kira lo-furofayil, mai gajeren ƙarfen baya. Ka tabbatar ƙarfen na cikin kwali, don na sha ganin mutum ya sayi katin da ya dace amma da dogon ƙarfe, ya koma yana lanƙwasawa da filaya. Akwai kuma wata matsala da sai wanda ya taɓa buɗe 9020 SFF ya san ta. Ramuka biyu ne a bod ɗin. Shuɗin, wanda shi ne cikakken x16, wato mai layi goma sha shida na wucewar bayanai, yana dab da fawa, don haka kati mai kauri da ke cin gurbi biyu ba zai zauna a cikinsa ba, fankarsa za ta daki jikin fawar. Baƙin ramin yana da fili, amma layi huɗu ne kawai aka haɗa masa, su ma na PCIe 2.0. Dell ba ta yi wannan akwatin don 'yan wasa ba, don akawun ofis ta yi shi. Saboda haka zaɓinka biyu ne: siririn kati a shuɗin rami, ko mai kauri a baƙin rami ka yafe ɗan abin da zai zube.

Siraran da ake yawan ambata su ne GT 1030 da RX 6400. Da wasa kaɗai ka ce mini, da na ce ka duba RX 6400. Na 2022 ne, wat 53, giga 4 na GDDR6, akwai shi siriri. Illarsa layi huɗu kawai gare shi kuma don PCIe 4.0 aka tsara shi, to a bod ɗinka mai 3.0 yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, amma duk da haka yana wasa. Sai dai kai mai bidiyo ne, kuma shi da GT 1030 duk ba su da sashen da ke dunƙule bidiyo lokacin fitarwa. Aikin zai koma wuyan furosesa mai shekara sama da goma, uwar amarya kuma tana kira tana tambayar ina bidiyonsu. Katunan Intel Arc, A310 da A380, gwanaye ne a bidiyo, amma suna son wani tsari da ake kira Resizable BAR wanda bod ɗin 2013 bai san da shi ba, in babu shi kuwa wasa yakan riƙa sarƙewa. Ka bar su ga masu sabbin bod.

Akwai wasu katunan da samari ke wucewa don ba su da hoton dodo a kwali, wato na injiniyoyi da masu zanen gini da ke fitowa daga tsofaffin kwamfutocin kamfanoni: Quadro P1000, da Nvidia T600 da T1000. Sirara ne, gajeru, giga 4, wutarsu tsakanin wat 40 zuwa 50, suna da NVENC, wato sashen dunƙule bidiyo na Nvidia, kuma suna zama a shuɗin ramin kamar don shi aka ƙera su. Galibi ba su sha wahalar haƙa ba. Bakunansu ƙananan DisplayPort ne, sai ka haɗa da 'yar wayar canji. Masu shago da yawa suna da su a ƙasan gilashi ba wanda ke tambaya, sai ka ambaci sunan.

Amma da kuɗina ne, kuma buƙatata irin taka, GTX 1650 gajere zan nema na hannu, in sa shi a baƙin rami. Ya fito a 2019, wat 75, giga 4, yana da NVENC, yana kuma karanta bidiyon HEVC da kansa, wanda shi ne tsarin da iPhone ke ɗauka da shi tun 2017. Furosesarka ba ta ƙware a HEVC ba, shi ya sa in baƙi suka turo maka abin da suka ɗauka da waya a wajen biki, allon aikinka ke tsayawa yana tunani. Asarar da ƙuncin baƙin ramin ke jawowa ba ta cika bayyana ba sai wasa ya cika giga 4 ɗin ya fara aro daga RAM, don haka ka rage ingancin fatar hotuna zuwa matsakaici, za ka zauna lafiya. Ka lura wasu GTX 1650, musamman manyan, suna da bakin wuta mai shida, waɗannan ba naka ba ne. In ka ci karo da T1000 a kusan kuɗi ɗaya, ɗauke shi ba gardama, danginsu ɗaya da 1650 kuma shi ya samu shuɗin rami. GTX 1050 Ti na gaskiya, gajere, shi ne na bayansu. Na sa shi baya ne don ya fi rauni, sannan Nvidia ta rufe sabbin direbobin wasa na jerin GTX 10 a ƙarshen 2025, gyaran tsaro kawai ya rage musu, alhali 1650 yana ci gaba da samu. P1000 ma wannan hukuncin ya shafe shi. RTX 3050 mai giga 6 da ya fito a 2024 shi ma wat 70 ne kuma akwai gajerensa, sai dai kuɗinsa kan zarce na kwamfutar gaba ɗaya, furosesarka kuma ba za ta iya ciyar da shi ya ƙoshi ba.

Tun da na ambaci furosesa, bari in faɗa maka gaskiya kan ƙwallon. GTA V da ya zo kwamfuta a 2015 zai gudu sumul a 1080p. eFootball ma ba shi da nauyi sosai. Amma FIFA 23, mafi ƙarancin abin da masu shi suka nema shi ne GTX 1050 Ti da i5-6600K, na bayansa masu sunan EA Sports FC kuma ba su sauko ƙasa da haka ba. Katin zai cika sharaɗi, furosesarka ce ke ƙasa da layi. Wasan zai buɗe, za ka buga, amma ka sa ran 'yar tangarɗa nan da can, musamman lokacin da ake nuna 'yan kallo. Babu katin da zai warkar da wannan. Abin da bod ɗinka zai iya ɗauka mafi girma shi ne irin su i7-4790, in wata rana ka same shi da sauƙi.

Wani abin kuma, ba ka tambaye ni ba amma dole in faɗa. Kafin kati, ka sayi SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa, wadda ta fi had-disk sauri. Rabin nauyin da kake ji a kwamfutar nan na had-disk ne, kuma kuɗin SSD bai kai na kati ba ko kusa. Ka sa Windows da manhajar aikinka a kansa, tsohon ya zama rumbun ajiye bidiyo. RAM ɗin ma, nau'in DDR3 ne, ka kai shi giga 16, sanda biyu masu girma ɗaya a ramuka masu launi ɗaya domin su yi aiki kafaɗa da kafaɗa. In kuɗin bai isa duka a lokaci ɗaya ba, SSD farko, kati na biyu, RAM na uku. Ka kuma sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga furosesar Intel ƙarni na takwas ta fara karɓa, taka ta huɗu ce. Wannan wani dalili ne na kada ka zuba dukiyarka duka a akwatin nan. Katin dai zai bi ka zuwa kwamfuta ta gaba.

Ranar saye, ka ɗauki kwamfutar da kanta ka tafi da ita. Ba ta da nauyi, za ta shiga jakar Ghana-mos-go, daga Nima zuwa Circle kuma ba tafiya ba ce. Gani ya kori ji. A sa katin a cikin taka, a rufe murfin a gabanka, ba a tasu da ke buɗe kan benci fanka na hura ta ba. Ka buɗe GPU-Z ka duba suna da Shaders da nau'in ma'adana, sannan ka kunna FurMark, manhajar gwada ƙarfin kati, ko wasan da ka zo da shi ya yi minti goma sha biyar zuwa ashirin kana kallon zafi. In ya haye digiri 85 yana ci gaba, ko ka ga ɗigo-ɗigo masu launi da layuka a allo, ko allon ya ɗauke ya dawo, ka ce Allah ya ba da kasuwa. Saurari fankar, mai ƙarar niƙa ta kusa mutuwa, kuma fankar gajerun katuna wuyar samu gare ta. Shinshina shi ma, ƙaurin ƙuna ba ya ɓuya. Launin ruwan ƙasa a bayan allon katin, daidai inda guntun yake, alama ce ta ya daɗe yana gasuwa. Mai shagon da ya ƙi a gwada ya riga ya ba ka amsa. Wanda ya yarda, ka nemi rasit mai lambar jikin katin da kwanakin garanti a rubuce, ko da mako biyu ne. Na intanet da ke cewa turo kuɗi ta MoMo tukuna in ba ɗan acaɓa ya kawo maka, ka san sauran zancen. Farashi kuwa yana bin dala, don haka ka taka Tip Toe Lane ka tambayi shago uku ko huɗu a rana ɗaya kafin ka buɗe baki da tayi. 'Yan'uwanmu na Aboabo da Asawase a Kumasi su yi haka a Adum.

In an dawo gida, wuri mai iska za ka ajiye ta, kada ka cusa ta cikin kabad ko ka aza ta kan kafet. Ƙaramin akwati ne, ka ƙara masa wat 75 na zafi a garin da dama zafi ne. Lokacin hunturu ƙura takan toshe haƙarƙarin katin cikin 'yan makonni, sai ka riƙa hure shi da buluwa, ka danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Katin na hannu da ya shekara biyar yana son sabon man da ake shafawa tsakanin guntu da ƙarfen sanyaya, wannan kawo mini ko ka kai wa wanda ya iya, kada ka fara koyo a kansa. Kuma tun da mun san halin dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, dawowar wuta ta fi ɗaukewarta ɓarna. Ƙaramin UPS ko sitabilaiza zai kare fawar, wadda in ta ƙone ba kowace za ta maye gurbinta ba saboda bakinta na Dell ne kaɗai.

Direba kuwa daga shafin Nvidia za ka sauke, ba daga faifan da aka jefa a kwali ba. Saura monitarka. GTX 1650 ba shi da bakin VGA, don haka kana buƙatar 'yar na'urar canji daga HDMI ko DisplayPort zuwa VGA, mai ɗan guntu a ciki. Wannan ƙaramin kan da ke mayar da DVI zuwa VGA ba zai yi aiki a bakin DVI-D ba, ka saye shi ka yi asara. Ka sayi ta canjin a ranar, a gwada ta tare da katin. In ka haɗa komai kuma, wayar monita a bakin katin za ka soka, ba a tsohon bakin da ke jikin bod ba. A watan jiya kaɗai mutum biyu suka ɗauko kwamfuta tun daga Madina suka kawo mini wai kati ya mutu, na zare waya daga sama na mayar ƙasa, suka biya kuɗin mota suka koma.